Daga Wolfram zuwa Wagner: kundin aikin kwatanta matani

2 ga Satumba 2024

An fara aiki. Abin da ake son ginawa jadawali ne guda ɗaya, wanda zai jera kowace fitowa ta operar Richard Wagner (1813 zuwa 1883) kafaɗa da kafaɗa da wurin da ta samo tushe a cikin dogayen waƙoƙin Jamusawa na wajajen 1200. Za a haɗa da ƙaramin ƙamus na tsofaffin kalmomin da ya tono ya sa a bakin mawaƙansa. Opera dai wasan kwaikwayo ne da ake rerawa, makaɗa na raka shi, don haka matanin da ake rerawa shi ne abin nazari a nan, kiɗan kuwa sai inda ya zama dole.

Harshen waƙoƙin shi ne Mittelhochdeutsch, na tsakanin 1050 da 1350. A wannan kundi za a riƙa kiransa Jamusancin Tsakiya.

Jadawalin gida shida ne: sunan opera da kashi da fitowa, kalmomin Wagner, tsohon matani da lambar ɗango, bugun da aka duba, ma'ana da Hausa, sai alamar dangantaka. A na nufin an ɗauko kai tsaye, B an ɗauko amma an sauya, C babu shi sam a tsohon matani.

Kuɗin da aka kashe: Parzival juzu'i 2, Tristan juzu'i 3, Nibelungenlied juzu'i 1, duka bugun Reclam mai tsohon harshe a hagu da na yau a dama, duka na hannu, yuro 43 har da kuɗin aike. Ƙamusun Lexer da na Benecke, Müller da Zarncke kyauta suke a Wörterbuchnetz na jami'ar Trier. Nahawun Hermann Paul aro ne daga laburare.

5 ga Satumba

Furuci da ƙa'idar rubutu, domin wanda bai san su ba zai yi ta neman kalma a inda ba ta. Dogayen wasulan î, û, iu su ne suka koma ei, au, eu a Jamusancin yau: mîn niuwez hûs ya zama mein neues Haus. Su kuwa ie, uo, üe sauti biyu-biyu ne a da, yanzu sun dunƙule. Wasalin da ba shi da hula a kansa gajere ne, saboda haka sagen da gajeren a ake faɗarsa. Hular nan editocin ƙarni na 19 ne suka daidaita ta, irin su Karl Lachmann, ba haka take a jere cikin rubuce-rubucen hannu ba.

A Lexer kalmomin f suna ƙarƙashin v, na c suna ƙarƙashin k. Geseit kuma taƙaitaccen gesaget ne, sai an nemi sagen.

9 ga Satumba

Karatun Parzival, waƙar Wolfram von Eschenbach, littafi na 1 da na 2. Babu abin da ya shiga jadawali sai sunayen Gahmuret da Herzeloyde, iyayen Parzival, jarumin waƙar.

14 ga Satumba

Littafi na 3 da na 5 sun shiga. Waƙar Wolfram von Eschenbach ɗango 24,810 ce, littafi 16, bibbiyu suke amsa-amo. Tun bugun Lachmann na 1833 ake kasa ta talatin-talatin, shi ya sa ake ambaton wuri da lamba biyu, kamar 140,17, wato kaso na 140, ɗango na 17.

A daidai wannan ɗango Sigune, danginsa ta wajen uwa, ke gaya wa yaro Parzival ma'anar sunansa: "rehte enmitten durch", wato ratsawa ta tsakiya. Wagner bai bi wannan ba. A kashi na biyu na operar Parsifal, Kundry, macen da ke neman yaudararsa, na kiransa "Fal parsi", wawa mai tsarkin zuciya, kuma tana cewa ubansa ne ya raɗa masa sunan yana bakin mutuwa a ƙasar Larabawa. Wannan fassara daga Joseph Görres ta fito, mutumin da ya buga tsohuwar waƙar Lohengrin a 1813, kuma masana harshe ba su karɓe ta ba. Ita ce dalilin da z ta koma s a sunan operar. An sa wa layin alamar B, aka ƙara gida na bakwai mai suna "ta hannun wa", domin da alama za a riƙa cin karo da irin wannan: abin da ake zaton daga 1200 ya zo, ashe daga teburin wani malami na ƙarni na 19 ya biyo.

18 ga Satumba

Ɓarna ta farko. Manhajar jadawalin tana kan tsarin Jamus, inda waƙafi ke raba lamba da ɓurɓushinta. Sai ta ɗauki 140,10 a matsayin adadi, ta share sifirin ƙarshe, ya koma 140,1. Haka 250,20 ya koma 250,2. Ba a lura ba sai da aka jera layuka bisa lamba, aka ga ɗango na 10 ya zauna wuri ɗaya da ɗango na 1, na 2 kuma ya biyo bayan na 19. Cikin layi 96 da aka shigar, 11 ne masu ƙarewa da sifiri, kuma babu yadda za a gane wanne ne 1 na gaskiya, wanne ne 10 da aka gutsure, sai an koma littafi ɗaya bayan ɗaya. Yini guda ya tafi.

Gyara: an raba gidan biyu, kaso daban, ɗango daban. Wanda zai yi irin wannan aiki ya mai da gidan na rubutu zalla tun kafin ya shigar da lamba ta farko.

24 ga Satumba

Littafi na 9, zuciyar waƙar, kuma nan ne tazarar ta fi fitowa fili.

A wurin Wolfram, Gral, abu mai tsarkin da ke tsakiyar labarin, dutse ne. Yana kiransa lapsit exillis (469,7), kurciya na sauko da ɗan farin waina ta ɗora a kansa duk Juma'ar da Kiristoci ke tunawa da gicciye, daga nan yake samun ƙarfin ciyar da masu tsaronsa. A wurin Wagner ƙoƙo ne da aka tari jinin Almasihu a ciki, bisa imanin Kirista. Wannan daga reshen labarin na Faransa ya zo. Mashin ma haka: a tsohuwar waƙa mashi ne mai dafi na wani mayaƙi, ya soki Anfortas, sarkin Gral, a matsematsi saboda ya fita neman suna don mace. A opera mashin da aka soki Almasihu da shi ne, raunin kuma ya koma kwiɓi.

Mutane biyu-biyu aka narkar wuri guda. Gurnemanz na opera ya haɗa Gurnemanz na littafi na 3, mai koyar da ladubban barde, da Trevrizent mai zuhudu na littafi na 9. Kundry ta haɗa Cundrie, mummunar 'yar saƙon Gral, da Orgeluse kyakkyawa. Wannan ya tilasta sauya ƙa'idar jadawali: layi ɗaya na Wagner zai iya ɗaukar tushe biyu ko uku.

Babban abin da ya faɗi shi ne tambaya. Laifin Parzival a littafi na 5 shi ne ya ga sarki cikin azaba bai tambayi me ke damunsa ba, saboda malaminsa ya hana shi yawan tambaya. Maganin kuma a littafi na 16 kalma huɗu ce: "oeheim, waz wirret dier?" (795,29), kawu, me ke damunka? Kawu ne kuwa na gaske, ɗan'uwan uwa. Wagner ya cire tambayar, ya cire zumuncin, ya sa "durch Mitleid wissend", sani ta hanyar tausayi, warkarwar kuma da taɓin mashi. A ganina a nan aka fi yin asara, domin Wolfram ya ɗora komai a kan maganar da ɗan'uwa ke yi wa ɗan'uwansa, abin da kowa zai iya, Wagner kuwa ya mai da shi ibadar keɓaɓɓu.

27 ga Satumba

An buɗe shafi na biyu don abin da Wagner ya bari. Ciki akwai Gawan, wanda ya cinye littattafai da dama na waƙar. Condwiramurs, matar Parzival. Da Feirefiz, yayansa ta wajen uba, ɗan Belakane baƙar sarauniyar Zazamanc, mai fata baƙi da fari. Wolfram bai ɓoye cewa Feirefiz ya kai ƙanensa jarunta ba.

Matsafi Clinschor kuwa, a littafi na 13, Ibert sarkin Sisili ne ya dandaƙe shi don ya kama shi da matarsa. Sunan matar a rubuce Iblis, kada mai karatu ya ɗauka kuskuren shigarwa ne. Klingsor na opera shi ya yi wa kansa. Alamar B.

2 ga Oktoba

Lohengrin, aiki mai sauƙi. Kaso na 824 zuwa 826 na Parzival, inda Loherangrin ɗan Parzival ke zuwa Brabant da tsuntsun ruwa, da sharaɗin kada a tambaye shi asalinsa. Sarki Heinrich da sauran shimfiɗar daga waƙar Lohengrin ta ƙarshen ƙarni na 13. Ortrud, muguwar macen operar, alamar C. An fara nuna operar a Weimar, 28 ga Agusta 1850, Franz Liszt ke jan makaɗa.

7 ga Oktoba

Ɓarna ta biyu, kuma ta fi ta farko cin rai. A bazarar 1845 a Marienbad Wagner ya karanta Wolfram cikin sabuntawar Karl Simrock da ta San-Marte. Saboda haka kwatanci na gaskiya ƙafa uku ne da shi: tsohon matani, fassarar ƙarni na 19, sannan opera. Aka sauko da hoton bugun Simrock na 1842, aka bi shi da manhajar mai da hoto rubutu.

Bugun da haruffan Fraktur yake, tsohon salon haruffan ɗab'i na Jamusawa. Doguwar s tana kama da f ƙwarai, manhajar kuma ba ta bambance su ba. Da a ce shirme take fitarwa da an gane nan take, to amma sein ya koma fein, kuma dukansu kalmomi ne na Jamusanci, mai duba kuskuren rubutu bai ɗaga musu ido ba. Binciken kalma a cikin wannan matani ya zama aikin banza: a nemi abu a ce babu, alhali yana nan.

An sake bi da tsarin da aka horar a kan Fraktur, ya ragu sosai amma bai ƙare ba, musamman a shafukan da tawada ta huda takarda. Shawara: ba za a gyara littafin duka ba. Wuraren da suka riga suka shiga jadawali kaɗai za a kwafa da hannu daga hoton, kimanin ɗango 400. Kwana huɗu aka ware.

12 ga Oktoba

An gama kwafa. Kwana biyar ya ci.

16 ga Oktoba

Tristan na Gottfried von Straßburg, wajajen 1210, ɗango 19,548 bisa ƙirgen Ranke, bai ƙarasa ba. Ya tsaya Tristan na ta ruɗewa tsakanin Isolde tasa da wata Isolde mai fararen hannuwa. Ke nan kashi na uku na opera, mutuwar masoyan, ba shi da tushe a hannun Gottfried kansa, sai a wurin masu ƙarasa masa, Ulrich von Türheim da Heinrich von Freiberg, da kuma fassarar Hermann Kurz ta 1844 wadda ta ƙara nata ƙarshen. Gidan "ta hannun wa" ya yi amfani sosai yau.

Sauye-sauye uku ne suka juya labarin. Morold kawun Isolde ne a waƙa, a opera saurayin da aka yi mata baiko da shi. Maganin soyayya a waƙa kuskure ne tsantsa: wata ƙaramar baiwa ta miƙa musu tana zaton giya ce, Brangaene, amintacciyar Isolde, ba ta ɗakin. A opera Isolde ce ta nemi guba don su mutu tare, Brangäne ta musanya da gangan, abin da ke nuna son yana nan tun kafin a sha. Melot kuma wada ne ɗan leƙen asiri a waƙa, a opera barde ne, aminin Tristan.

Amma ta fuskar harshe nan ne Wagner ya fi kusantar tsohon mawaƙi. Gottfried mai son juya kalma ne: "Tristan Isolt, Isolt Tristan" tun a ɗango na 130. Musayar sunayen masoyan a kashi na biyu na opera jikar wannan ce. Wasan lameir, kalmar Faransanci da Isolde ta faɗa mai ma'ana uku, teku da ɗaci da so, bai shiga opera ba. Ya tafi shafi na biyu.

19 ga Oktoba

Ƙamus ya kai kalma 60. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne kalmar da ke nan har yau amma ma'anarta ta gusa. Arebeit wahala ce, ba sana'a ba. Hôchgezît kowane irin babban biki ne, ba sai na aure ba. Wîp mace ce kawai, babu raini a ciki, vrouwe kuwa uwargijiya. Milte kyautar mai mulki. Tump wanda bai goge ba. Veige wanda ajalinsa ya zo, yau kuma feige matsoraci.

Wagner na amfani da tsohuwar ma'anar da sani. "Sehrende Not" na Siegmund daga sêren ne, yi wa rauni, tushe ɗaya da sehr ta yau mai nufin "ƙwarai". "Neidliches Schwert" ba takobi mai hassada ba ne, nîtlich na nufin mai zafin gaba. "Freislich" a bakin Brünnhilde vreislich ce, abin tsoro.

25 ga Oktoba

An shiga Ring, jerin opera huɗu na Wagner, da zaton Nibelungenlied ce uwarsa, aka ware masa mako uku. Zaton bai yi daidai ba, ko kuwa rubu'insa ne daidai. Rheingold, Walküre da Siegfried kusan duk layinsu C ya fito: alloli, shugabansu Wotan, tagwaye Siegmund da Sieglinde, dutsen wuta, duk daga Edda da Völsunga saga na Aisland suke, wani abu kuma daga Thidrekssaga. Waɗannan Tsohon Nos ne, wani harshe daban, ba ya cikin wannan aiki. An ƙara alamar D: tushe na arewa, ba a bi shi ba.

Götterdämmerung, ta huɗu a jerin, ita ce ta cika jadawali. Gunther da Hagen da kogin Rhein. Cacar bakin sarauniyoyi biyu, Kriemhild matar Siegfried da Brünhild matar Gunther, a ƙofar cocin Worms (aventiure, wato babi, ta 14), inda zobe da ɗamara suka zama shaida, wadda ta yi daidai da rikicin zobe a kashi na biyu. Kisan Siegfried a wurin farauta (ta 16). A waƙa Kriemhild ce ta ɗinka alama a rigarsa, wurin da ganye ya faɗo ya hana jinin dodo taɓawa, Hagen ya soke shi yana sunkuye yana shan ruwa. A opera Brünnhilde ce ta tona cewa bayansa ba shi da tsari. A ta 17 raunin gawa ya ɓalle da jini da Hagen ya matso, a opera hannun gawar ne ya ɗaga. Matan ruwa da suka yi wa Hagen duba a bakin Donau (ta 25) sun koma 'yan matan Rhein masu yi wa Siegfried gargaɗi. Tarnkappe alkyabba ce ta ɓata, Wagner ya mai da ita kwalkwali. Rabin waƙar na biyu, ramuwar Kriemhild a fadar Etzel, mijinta na biyu, babu shi ko kaɗan.

Kari ma ya bambanta. Baitin Nibelungenlied ɗango huɗu ne dogaye, kowanne da gaɓa a tsakiya, bibbiyu suke amsa-amo, rabin ɗangon ƙarshe ya fi sauran tsawo da bugu ɗaya. Ring kuwa a kan Stabreim aka gina shi, wato karangiya a gaɓoɓi masu nauyi: "Winterstürme wichen dem Wonnemond". Salon Edda ne da na waƙar Jamusawa ta gabanin ƙarni na 10. Mawaƙin 1200 ya riga ya bar shi.

29 ga Oktoba

Rikicin lambar baiti. Manyan kundayen Nibelungenlied na rubutun hannu uku ne: A a Munich, B a St. Gallen, C a Karlsruhe. A baiti 2,316, B ta ɗara ta da kimanin 60, C ta haura 2,400. Lachmann A ya bi, bugun da ke hannu B ya bi, kuma littattafan sharhi da dama na ambato da lambar bugun Bartsch, wadda ta ƙirga baitin buɗewa "Uns ist in alten mæren" alhali babu shi a B. An gano layi 23 da aka kwafo lambarsu daga sharhi ba tare da rubuta bugu ba. Sai da aka nemo kowanne da kalmominsa na farko. Doka daga yau: lambar aventiure, lambar baiti, harafin kundi, da kalma uku na farkon baitin.

4 ga Nuwamba

Tannhäuser, Dresden, 19 ga Oktoba 1845. Labari biyu ne da ba su san juna ba aka ɗaura musu aure. Na farko Wartburgkrieg, gasar mawaƙa a fadar Hermann na Thüringen, wanda ya rasu 1217. Batun gasar yabon sarakuna ne, wane basarake ya fi kyauta, zancen da duk wanda ya san makaɗan fada zai gane nan take. Heinrich von Ofterdingen ya fifita basaraken Ostiriya a gaban mai gida, ya kusa rasa kansa. Na biyu waƙar baka ta Tannhäuser da dutsen Venus, wadda aka buga a Nürnberg a 1515, da Fafaroma Urban na huɗu a ciki, shi kuwa 1261 zuwa 1264 ya yi. Shekara arba'in da wani abu ke tsakani.

Haɗin kuma ta hannun malami ya biyo: C. T. L. Lucas a 1838 ya ce Heinrich von Ofterdingen da Tannhäuser mutum ɗaya ne. Sawun na nan a opera, domin kowa "Heinrich" yake kiran Tannhäuser. Batun gasa ya koma mene ne so. Hotunan mawaƙan da matanin gasar suna cikin Codex Manesse, laburaren jami'ar Heidelberg ya sa shi a intanet kyauta.

8 ga Nuwamba

Tsabtace jadawali. Layi 412: A 58, B 171, C 94, D 89.

13 ga Nuwamba

Meistersinger (Munich, 1868) ya fita daga zamanin da aka shata, domin Hans Sachs, mawaƙin da ke tsakiyar operar, 1494 zuwa 1576 ya rayu, harshensa kuma farkon sabon Jamusanci ne. An bar shi saboda tsarin baiti: Stollen biyu masu rauji ɗaya, sai Abgesang mai rauji daban, gado ne daga mawaƙan Minnesang, wato waƙar soyayya ta fada, kuma Stolzing, barden operar, da bakinsa ya ce Walther von der Vogelweide ne malaminsa. Dokokin gasa da sunayen masu sana'ar daga littafin Johann Christoph Wagenseil na 1697 aka kwaso su.

Wani ɗan abu da ya ɗauki rabin yini: kalmar Bar. A kashi na farko, inda Kothner ke karanta dokoki, Bar waƙa ce sukutum mai baitoci da yawa, kamar yadda take a da. A kashi na uku Sachs na cewa a yi masa Bar na biyu, yana nufin baiti ɗaya. Ƙamus ya ba ta shiga biyu.

18 ga Nuwamba

Jimillar kuɗi yuro 61, ƙarin 18 na buga jadawali a takarda ne don dubawa da biro, domin a allo ido na tsallake hular wasali.

Mataki na gaba wajen Wagner zai fita. Der arme Heinrich na Hans Pfitzner (Mainz, 1895) a kan waƙar Hartmann von Aue mai ɗango kimanin 1,500, mako ɗaya ya isa. Die Nibelungen na Heinrich Dorn (Weimar, 1854) ya fi Ring bin waƙar, zai yi amfani wajen auna layukan alamar B, sai dai matanin a Fraktur yake, za a kwafa da hannu tun farko. Baitocin Jamusancin Tsakiya da ke cikin Carmina Burana na Carl Orff (1937) kuwa shafi na uku za a buɗe musu, tunda ba a sauya musu harshe ba. Nahawun Paul ranar 25 za a mayar, saura a kwafe jerin aikatau masu sauya wasali kafin nan.